Babi na Huɗu: Hukuncin Rumfar Caji

A garuruwan kudancin Jihar Jigawa, irin su Yalwan Damai, wadda ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, da maƙwabtanta na ɓangaren Gwaram, hukuncin da ake yanke wa waya ko kwamfuta ba daga jarida ko talabijin yake fitowa ba, ana yanke shi ne a rumfar mai caji da teburin mai gyara da bencin mai shayi, inda samari da magidanta ke taruwa bayan la'asar kowa da na'urarsa a hannu. Yawancin alƙalan wannan majalisa ba su taɓa buɗe takardar da ke cikin kwalin waya ba, ba su kuma damu da sanin garin da aka ƙera ta ba, amma maganarsu ce ke sa manomin da ya sayar da riɗi ko gyaɗa da kaka ya ɗauki wannan samfuri ya bar wancan. Wanda ya zauna ya saurari wannan hira da kunnen basira zai tarar tana da ƙarfi matuƙa a kan duk abin da hannu ke taɓawa ko ido ke gani, kamar batir da gilashi da bakin caji, sannan tana da rauni a kan abin da ke ɓoye cikin na'ura, wato manhaja, wadda ita ce tarin umarnin da ke gaya wa ƙarfe da wayoyi abin da za su yi.

Kayan da ake wannan muhawara a kansu doguwar tafiya suke yi kafin su iso. Mafi yawansu daga birnin Shenzhen na ƙasar Sin suke tasowa, su sauka Legas ko Kano, su ratsa manyan kasuwannin waya irin su Farm Centre da titin Beirut a Kano, sannan ƙananan 'yan kasuwa su saro su, su biyo hanyar Wudil zuwa Birnin Kudu, daga nan su bazu cikin kasuwannin mako irin na Sara da Babaldu. A kowane zango ana ƙara wa kayan riba, ana kuma ƙara musu labari, ta yadda ra'ayin da wani dillali ya furta a Kano kan cewa samfuri kaza yana zafi ko samfuri kaza gilashinsa ba ya samuwa yakan iso ƙauye ya zama tabbatacciyar magana da ba a jayayya da ita.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar na'ura mai ƙwaƙwalwa, domin tun a farkon shekarun 2000, a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, jihar ta kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na Singafo, ta kuma kafa kamfanin Galaxy a Dutse don samar da intanet, a lokacin da jihohi da dama da suka fi ta kuɗi ba su fara tunanin haka ba. Sai dai kwamfutar da ta shiga gidajen talakawa a ƙarshe ba ta tebur ba ce, ta aljihu ce. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta na shekarar kuma Econet da MTN suka fara aiki, lokacin da layi ɗaya kan kai naira 20,000 ko fiye, kafin zuwan Glo a 2003 ya karya farashi ya kuma kawo lissafin kira da daƙiƙa. Daga nan aka ɗauki shekaru ana kafa ƙarafunan sabis daga manyan birane zuwa hedikwatocin ƙananan hukumomi, sannan zuwa ƙauyuka, kuma har yau akwai unguwannin da mutum kan san takamaiman tudun da zai hau ko bishiyar da zai tsaya a gindinta idan yana son murya ta fita sarai.

Tambayar farko da ake yi wa kowace waya a wannan yanki ita ce ko tana riƙe caji, kuma duk wata baiwa da take da ita bayan wannan take zuwa. Dalilin a fili yake. Wutar lantarkin da kamfanin KEDCO ke rarrabawa a Kano da Katsina da Jigawa ba kowane gari ta kai ba, inda ta kai ma ba a dogara da ita, shi ya sa sana'ar caji ta zama ɗaya daga cikin sana'o'in da ba a rasa su a bakin kasuwa. Rumfar mai caji yawanci kwano ne a sama, da katako da aka jera wa soket-soket bi da bi, da igiyoyin caja rataye kamar sun kai ɗari, wasu an ɗaure su da baƙin salatif inda suka tsage, da ƙaramin janareto yana ta ƙugi a baya, ko kuma a 'yan shekarun nan faifan sola a kan rufi da manyan batura a ƙasa. Mai rumfar yakan manna wa kowace waya 'yar takarda mai lamba, ya ba mai ita irinta ya tafi da ita, kuma tun da yana ganin wayoyi da yawa kullum, ya san wadda ke cika cikin sa'a biyu da wadda ke kwana ba ta cika ba, da wadda bayanta ke kumbura bayan rani ɗaya. Babu wani mai sharhi a birni da yake da irin wannan damar gwaji.

Abin da mai caji ya gano da idonsa ya yi daidai da abin da masana sinadarai suka tabbatar. Batiran wayoyin zamani da sinadarin litiyam ake yin su, kuma zafi ne babban makashinsu, domin yana hanzarta lalacewar kayan da ke ciki ya rage yawan wutar da suke iya ajiyewa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Jigawa kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wayar da aka jibge ta cikin 'yan uwanta a ƙarƙashin kwano tana shan wuta tana cikin mafi munin yanayin da batir zai shiga. Saboda haka idan aka ji magidanci yana cewa batirin da aka rubuta masa 5,000 bai kai na tsohuwar Nokia ƙarko ba, akwai gaskiya a maganarsa ko da kwatancin bai daidaita ba. Lambar da ake rubutawa, wadda ake bin ta da haruffan mAh, ma'auni ce ta yawan wutar da batir ke ɗauka yana sabo, ba ta ce komai a kan yawan wutar da wayar ke sha ba. Nokia 1100, mai tocilar nan da ta fito a 2003 aka sayar da fiye da miliyan 200 nata a duniya, batirinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi ba, amma ƙaramin allonta marar launi kusan ba ya shan komai, alhali babbar waya allonta kaɗai ya ishi batir aiki, balle a wurin da sabis ke da rauni, inda dole na'urar ta ƙara ƙarfin siginar da take aikawa don ta riski ƙarfen da ke nesa. Wannan ne ya sa har yau mutane da yawa ke riƙe waya biyu, ƙarama don kira, babba don kallo da hira.

Kamfanin da ya fi kowa sauraron irin wannan hira shi ne Transsion, wanda aka kafa a 2006, mai samfuran Tecno da Itel da Infinix, kuma da yawan masu muhawarar cewa Infinix ta fi Tecno ba su san gida ɗaya suka fito ba. Kamfanin ya lura cewa a wancan lokaci kira daga wannan layi zuwa na wani kamfani ya fi tsada, kuma sabis ɗin da ke kamawa a wannan gari ba lallai ya kama a na gaba ba, sai ya mai da waya mai layi biyu abin yau da kullum. Ya girmama batir, ya ƙara wa lasifika amo, ya kuma gyara kyamara ta yadda fuskar baƙin mutum za ta fito da kyau a hoto ko da haske bai wadata ba. Zuwa 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. A tsakanin waɗannan shekaru laƙabin 'yar Caina, wanda a da zagi ne ga waya mai ƙarar tsiya da ke mutuwa cikin wata uku, ya rasa kaifinsa, tun da kusan kowa ita yake riƙe da ita. Abin dariya a nan shi ne saurayin da ke ɗaga iPhone ta hannu yana yi wa abokansa gorin 'yar Caina, alhali mafi yawan iPhone ɗin ma a masana'antun ƙasar Sin ake haɗa su.

Inda hukuncin majalisa ke fara tangal-tangal shi ne wajen lambobin da ake rubutawa a jikin kwali. Kowa ya iya tambayar giga nawa ce, amma kaɗan ne suka bambance iri biyu na ma'ajiyar da ke cikin waya. Ta farko ita ce ma'ajiyar dindindin, inda hotuna da finafinai da wa'azozi ke zama ko an kashe wayar. Ta biyu ita ce wadda ake kira RAM, inda na'urar ke baza abin da take aiki a kansa a wannan lokacin, kuma da zarar an kashe ta sai ya goge. Ta farkon tamkar rumbu ce, ta biyun kuwa tamkar tabarmar da ake shanya a kai, kuma girman rumbu ba ya hana aiki tsayawa idan tabarmar 'yar ƙarama ce. Wayar da ke da ma'ajiya mai giga 128 da RAM mai giga 2 za ta riƙa sanƙarewa idan aka buɗe WhatsApp da TikTok da Facebook tare, sai mai ita ya ɗauka cika ta yi, ya yi ta goge hotunan biki ba tare da ya ga sauyi ba. Masu ƙera waya sun san wannan ruɗani, suna kuma cin moriyarsa, domin yanzu ana rubuta 4+4 a kwali a kira shi giga 8, alhali huɗun na biyu aro ne daga ma'ajiyar dindindin wadda ba ta kai RAM na gaske sauri ba ko kusa. Haka batun kyamara, inda ake auna kyau da yawan megafiksel, wato yawan ɗigogin da hoto ya ƙunsa, da kuma yawan idanun da ke bayan waya, ko da wasunsu kusan ado ne kawai. Sunan ainihin ƙwaƙwalwar da ke sarrafa wayar, ko ta MediaTek ce ko Unisoc ko Qualcomm, da kuma ajinta, shi ya fi komai tasiri a kan sauri, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Akwai kuma memori na jabu, wanda ake sayarwa da araha a faranti a kasuwannin mako. An yi masa dabara ne ta yadda zai gaya wa waya cewa giga 64 ne alhali ainihinsa bai wuce 8 ba, don haka yana karɓar kaya lafiya lau har ya kai iyakarsa ta gaskiya, daga nan sababbi su riƙa danne tsofaffi ko su ƙi buɗewa. Mai shi yakan ɗora laifin a kan bairos, wato muguwar manhajar da ke shiga na'ura ta yi ɓarna, ko a kan wanda ya tura masa fim, ya koma ya sayi wani irinsa.

Game da manhaja, ra'ayin da ya fi kafuwa shi ne cewa ba abin saye ba ce. Ana sayen waya, ana sayen data, ana biyan mai tura finafinai 'yan kuɗi kaɗan ya cika memori da finafinan Kano da fassarar finafinan Indiya da karatun malamai, sannan abokai su rarraba wa juna ta Xender ba tare da an taɓa data ba, amma a ce mutum ya fitar da kuɗi ya biya kamfani don manhaja, wannan baƙon abu ne. Tun da ba a saye, ba a kuma tambayar da me mai ita yake cin riba, ko da tallan da ke faɗowa a allo ne ko da bayanan mai wayar. Shi ya sa kwaikwayon WhatsApp da wasu suka sauya wa fasali, wanda ke ba mutum damar karanta saƙon da aka goge ko ɓoye cewa yana kan layi, ya samu karɓuwa a wurin matasa har ana ganin mai amfani da na asali a matsayin wanda bai waye ba, duk da cewa ba a san wanda ya ƙera shi ba, kuma kamfanin WhatsApp yana rufe layukan da ya kama da shi. Harshe ma yana da hannu a wannan rauni. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya fito da Hausa a 2016, amma gargaɗin tsaro da sharuɗɗan da ake danna amincewa da su mafi yawa da Turanci suke zuwa, don haka dattijo ko matar aure kan miƙa wayar ga wani yaro ya buɗe musu asusu, shi ya zaɓi kalmar sirri, shi kaɗai kuma ya san ta.

Zargin da ya fi kowane yawo a kan kamfanonin sadarwa shi ne cewa suna shanye wa mutane data, kuma ƙorafin ya yi yawan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta sha fitowa tana bayani a kansa. Babban ɓangare na abin da ke faruwa yana da bayani na fasaha, domin idan sabis ya yi ƙarfi manhajojin bidiyo kan ɗaga ingancin hoto da kansu, su kuma sauke bidiyo na gaba tun ba a kai gare shi ba, wayar kuma tana sabunta manhajojinta a ɓoye, ga tallace-tallacen da ke zuwa da nasu nauyin. A cikin saitin kowace babbar waya akwai ma'aunin da ke nuna abin da kowace manhaja ta sha, amma ba kasafai ake samun wanda ya taɓa buɗe shi ba. Duk da haka ba daidai ba ne a kira masu zargin jahilai, domin mutumin da aka sayar wa abin da ba ya gani, da mudun da ke hannun mai sayarwa, yana da hujjar yin shakka, musamman bayan faɗuwar darajar naira daga watan Yunin 2023 ta ɗaga farashin wayoyi, sannan a Janairun 2025 hukuma ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Lokaci guda da jama'a suka auna manhaja da irin ma'aunin da suke auna batir shi ne farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙamfa, cinikin hatsi da dabbobi ya koma ta taransifa ko an so ko ba a so ba. A makonnin nan kowa ya ga da idonsa manhajar da kuɗi ke maƙalewa a cikinta da wadda alat ɗinta ke shigowa nan take, kuma da wannan gwaji ne OPay da Moniepoint da PalmPay suka samu gindin zama a wuraren da reshen banki ke da nisa, na'urar POS kuma ta samu wuri a gefen rumfar caji, sau da yawa ma a hannun mutum ɗaya. Hukuncin ya yi daidai a kan sauri, tun da sauri abu ne da ake gani. Ɓangaren da ba a gani kuwa shi 'yan damfara suka kama, masu kira su ce daga banki suke su nemi lambar BVN ko lambobin da aka turo ta saƙo, da masu nuna alat na bogi su kwashi kaya, da masu karɓe WhatsApp ɗin mutum da lambobi shida su shiga roƙon 'yan uwansa da sunansa.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta kai waya yawa a yankin ba, amma ta samu muhimmanci tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mai da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗaya ta kwamfuta, ɗaliban da ba su taɓa riƙe linzami ba suka fara neman inda za su koya, ga kuma 'yan Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido a Kafin Hausa da ke dawowa gida hutu da nasu. A nan ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne HP ta fi kowace, kuma ta hannu da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka ta fi sabuwa mai araha. Duka biyun suna da tushe. Cajar HP da allonta da batirinta sun fi sauƙin samu a Kano, kuma na hannun yawanci na ma'aikatu ne, irin su EliteBook ko Latitude na Dell, waɗanda aka ƙera su da ƙwari don aikin ofis aka sallame su bayan 'yan shekaru, don haka sun fi jure ƙura da jijjigar babur a kan sababbin da aka yi da roba marar kauri.

Kuskuren yana wajen sunan ƙwaƙwalwa. Mai saye ya ji cewa Core i5 ta fi Core i3, sai ya riƙe wannan kaɗai, alhali kamfanin Intel ya fara amfani da sunan tun 2009, yana kuma fitar da sabon zubi kusan kowace shekara, ta yadda i3 ta zubi na takwas za ta iya barin i5 ta zubi na uku a baya. Sau da yawa ma nauyin da tsohuwar kwamfuta ke yi daga ma'ajiyarta yake, wadda faifai ne mai juyawa, kuma sauya ta da ma'ajiyar SSD marar motsi yakan farfaɗo da na'urar fiye da duk wani gyara. Batun zubi ya ƙara nauyi daga ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da Microsoft ya daina tura gyaran tsaro na kyauta ga Windows 10, alhali Windows 11 a ƙa'idance ba ta hawa sai a kan zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. Ma'aikatun ƙasashen waje da ke bin wannan ƙa'ida suna da dalilin sallamar tsofaffin na'urorinsu, kuma kasuwanni irin na Kano ne masaukinsu, inda za su zo da tsabta da araha da tambarin i5 ko i7 a manne. Shagunan buga takardu da katin biki a Birnin Kudu da Gwaram za su ci gaba da aiki da Word da CorelDRAW a kansu ba tare da wata matsala ta fili ba, amma wanda zai shiga asusun banki ko ya cike takardun hukuma da irinsu ya kamata ya san abin da ya saya. Zubin a rubuce yake cikin cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwar, wadda ake gani a bayanan na'ura: a i5-3320M lambar farko bayan karan tsakiya, wato 3, tana nufin zubi na uku na shekarar 2012, a i5-8250U kuma 8 tana nufin zubi na takwas, daga zubi na goma zuwa sama kuwa lambobi biyu na farko ake karantawa.